Tashar nukiliya: me ya sa in hukuma ta ce "ba komai" sai gaban mutane ya ƙara faɗuwa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masanan cikinmu. Kwana biyun nan duk inda ka leƙa maganar komawa wutar nukiliya ake yi, wai ita ce ba ta hayaƙi, ba ta ɗumama duniya. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk haɗarin tashar nukiliya da na taɓa karantawa, hukuma gum take fara yi, daga nan ta ce ƙaramin abu ne, can kuma sai ka ji an kwashe gari guda. Wanda ya yi maka haka sau uku, in ya dawo ya ce wannan karon ka kwantar da hankalinka, da wane ido za ka kalle shi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, bari in fara da inda za mu saɓa. Na yi shekara da shekaru a tashar wuta, ta gas ce dai, amma na san yadda ake auna haɗari a wannan sana'a. In ka ɗauki yawan wutar da aka samar ka kwatanta da rayukan da aka rasa, nukiliya tana sahu ɗaya da iska da hasken rana. Kwal kuwa ya ninka ta sau ɗaruruwa, don hayaƙinsa kullum yana cin huhun mutane a hankali, ba mai zuwa ɗaukar hoto. Tukwanen nukiliya, wato injinan da ke samar da zafin da ake yin wutar da shi, sama da 400 ne ke aiki a ƙasashe wajen 30. Faransa kusan kashi biyu bisa uku na wutarta daga nan take samu, shekara arba'in ke nan. Manyan haɗuran da kowa ke ambata guda uku ne: Chernobyl, Three Mile Island da Fukushima. Tsoron ya fi abin girma.

Baban Khalifa: Injiniya ban musa lissafinka ba. Amma wa ya yi ƙirgen? In wanda ya ɓoye gobarar shi ne ya ƙirga gawarwakin, ai ka ga inda na dosa.

Dattijo: Ku ɗan ba tsoho wuri. Ni na ji labarin Chernobyl, tashar nukiliyar nan ta Yukren a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da kunnena lokacin da abin ya faru, ina riƙe da 'yar rediyona ina murɗa ta da daddare. Abin da ba zan manta ba shi ne, ba daga Mosko labarin ya fara fitowa ba. Daga Suwidin ya fito. Tukunya ta 4 ta fashe da tsakar daren 26 ga Afrilu 1986. Sai ranar 28 ga wata da safe na'urar tashar Forsmark ta Suwidin ta yi ta kuka in ma'aikata sun zo wucewa. Suka ɗauka tasu ce ke yoyo, suka bincika ko'ina ba komai, sai suka lura a takalman mutane ƙurar take, daga waje aka kwaso ta. Suka bi hanyar iska, ta nuna musu Tarayyar Sobiyet. Da daren ranar ne talabijin ɗin Mosko ya karanta 'yan jimloli, shi ke nan. Gorbachev bai fito ya yi wa jama'arsa magana ba sai 14 ga Mayu. A tsakanin nan har faretin ranar ma'aikata aka yi a Kiyef, da yara a kan titi. Mutanen Pripyat, su wajen dubu hamsin da ke gindin tashar, sai da aka yi kwana ɗaya da rabi kafin motoci su zo, aka ce su ɗauki takardunsu da kayan kwana uku. Har yau kwana ukun ba su cika ba.

Hajiya Malama: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Ni nan ne nake son Injiniya ya tsaya ya duba da kyau, don a nan ɓoyon da kansa ya yi ɓarna. Cikin abin da tukunya ke fitarwa in ta fashe akwai wani nau'in aidin mai tururi, wato gubar nukiliyar nan da ba a gani, aidin 131. Ba ya daɗewa, duk kwana 8 rabinsa ke ƙarewa. Amma yana sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga madara, yaro ya sha, ya je ya taru a ƙullutun maƙogwaronsa. Maganin abin mai sauƙi ne ƙwarai: a ce wa iyaye kar a ba yara madarar yankin na 'yan makonni, a raba musu aidin mai kyau ya cike gurbin. Folan ta yi haka cikin 'yan kwanaki, ta ba miliyoyin yara. A ƙauyukan Belarus da Yukren ba a gaya wa mutane da wuri ba. Zuwa 2005 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin diddigin tururin nukiliya ya ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da sankarar maƙogwaro cikin waɗanda suke yara a lokacin, kuma ya ce kaso mai yawa daga madarar ne. Yawancinsu sun rayu, alhamdu lillahi, amma an yi musu tiyata, suna shan magani har ƙarshen rayuwa. Sanarwa ɗaya a rediyo da ta rage wannan.

Ɗan Autan Zaure: Amma Anti, ai wannan mulkin kwaminisanci ne. Su komai ɓoyewa suke yi, har haɗarin jirgin sama. Ba adalci ba ne a shafa wa kowa.

Alƙalami: Auta, da haka ne da an huta. Je ka duba 1957, shekara ɗaya, ƙasa biyu masu gaba da juna, hali ɗaya.

A ƙarshen Satumba tankin sharar nukiliya ya fashe a masana'antar Mayak ta Sobiyet, a wani gari da ko a taswira ba a sa shi ba. Aka kwashe mutum wajen dubu goma daga ƙauyuka ba tare da an gaya musu dalili ba. Wani masanin kimiyya da ya bar ƙasar, Zhores Medvedev, ya fallasa zancen a 1976, manyan harkar nukiliya na Yamma suka yi masa dariya. Mosko ba ta amsa ba sai 1989. Abin da ya fi ɗaure kai, takardun da aka saki daga baya sun nuna hukumar leƙen asirin Amurka ta daɗe da samun labarin, ita ma ta yi shiru. Abokin gabarka ya yi abin kunya ka rufa masa asiri? Ruwa ba ya tsami banza.

Bai fi mako biyu ba bayan haka, a watan Oktoba, tukunyar Windscale ta Ingila ta kama da wuta. Su dai sun zubar da madarar yankin, a yaba musu. Amma da rahoton bincike ya iso teburin Firayim Minista Harold Macmillan, sai ya hana a fitar da shi cikakke, don yana neman Amurka ta yarda ta yi haɗin gwiwar makaman nukiliya da su. Taƙaitaccen bayanin da aka fitar ya jingina laifi a kan ma'aikatan da suka sayar da ransu suka kashe wutar. Cikakken rahoton bai fito ba sai 1988.

Faransar da Injiniya ya ambata ma, a 1986 maƙwabtanta na hana sayar da ganye da madara, hukumarta na cewa ba abin damuwa. Har yau Faransawa na zolayar cewa gajimaren Chernobyl a kan iyaka ya tsaya. A shekarar ne wasu 'yan ƙasa suka kafa ɗakin awonsu mai zaman kansa, CRIIRAD, don sun daina yarda da na gwamnati.

Injiniya: Alƙalami ka zo da kaya. Ban da ta cewa a kan waɗannan, sai ma in ƙara maka wadda ta fi ci min rai a matsayina na wanda ya zauna a ɗakin sarrafa inji. Tukunyar Chernobyl tana da sandunan da ake zurawa ciki don kashe ta, ka ce birki ne. To an yi bakin sandunan da girafait, baƙin nan irin na cikin fensir, kuma a wani yanayi in ka zura su gaba ɗaya, sai wutar ta fara zabura kafin ta mutu. Ka taka birki mota ta ƙara gudu. Masu ƙirar sun ga alamar haka a gwajin tashar Ignalina tun 1983. Ba a bayyana wa masu zama gaban maɓallan ba. A daren nan da mutumin ya danna maɓallin kashewa, abin da aka koya masa ya yi. Rahoton farko na 1986 ya ɗora musu kusan dukkan laifi, sai a 1992 kwamitin ƙwararru na IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya sake nazari ya ce ƙirar ce babbar matsala.

Amma ina roƙon a bambance ƙarya da ruɗewa. A Three Mile Island ta Amurka, Maris 1979, wani bawul ne ya maƙale a buɗe, fitilar da ke gaban ma'aikata kuma tana nuna an aika masa umarnin rufewa ne kawai, su suka ɗauka ya rufu. Sa'o'i suka yi ba su san ruwa na tsiyayewa ba. Kamfani na faɗin wannan, hukuma na faɗin wancan, gwamna ya ce mata masu ciki da ƙananan yara da ke cikin mil biyar su fita, mutum wajen 140,000 suka watse. Ƙarshenta tururin da ya fita kaɗan ne, ginin kankaren ya riƙe. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ba maƙaryaci ba ne.

Alƙalami: Matsalar ai ba su ce ba su sani ba. Cewa suka yi komai na hannu.

Maman Hanifa: Ni ba masaniya ba ce amma kullum ina aiki kusa da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Ana ba mu wani ɗan baji mu maƙala a ƙirji, shi ke tara yawan tururin da ya taɓa jikin mutum. Duk bayan wata uku a karɓa a kawo sabo. Shekarata shida, ban taɓa ganin sakamakon nawa da idona ba. In na tambaya sai a ce "da akwai matsala ai da an kira ki". Kuma na yarda mai yiwuwa ba komai ɗin ne, na san bango na da dalma, na san inda zan tsaya. Amma lokacin da nake da cikin Hanifa, wallahi wannan amsar ba ta sa ni barci ba. Lamba ce a takarda, tawa ce, me zai hana a nuna min? To in ni da na karanci abin haka na ji, ina ga manomin da aka gina masa tasha a bayan gona?

Hajiya Malama: Maman Hanifa kin gama magana. Abin da ya bambanta tururin nan da hayaƙi ko ambaliya ke nan, ba ya wari, ba a ganinsa, ba ya ƙuna nan take. Mutum ba shi da ido a kansa sai na mai riƙe da na'ura. In mai na'urar ya taɓa yi maka ƙarya, ya makantar da kai.

Ɗan Autan Zaure: To Japan fa? Su ai ana cewa ba wasa a aikinsu.

Alƙalami: Japan ce ma ta karya wa mutane da yawa gwiwa, don an ɗauka can ba za a yi ba. Kamfanin TEPCO mai tashar Fukushima, tun 2002 aka kama shi da gyara takardun binciken tukwanensa, har shugabanninsa suka sauka. A 2008 lissafin cikin gida ya nuna musu igiyar tsunami mai tsayin mita 15.7 na iya zuwa, alhali shirinsu bai kai mita 6 ba. Aka ajiye takardar. Ranar 11 ga Maris 2011 aka yi girgizar ƙasa, ruwa ya zo kusan daidai yadda aka lissafa, ya cinye janaretocin da ake sanyaya tukwanen da wutarsu, tukwane uku suka narke. Sai a watan Mayu kamfanin ya amsa cewa sun narke, kuma a 2016 ya amsa cewa shugabansa na lokacin ya ce kar a yi amfani da kalmar "narkewa".

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce ta mutanen garin Namie. Gwamnati na da kwamfutar hasashen inda iska za ta kai ƙurar, ana ce mata SPEEDI. Ba a fitar da abin da ta nuna da wuri ba. Mutanen suka gudu arewa maso yamma suna ganin sun tsira, ashe cikin hanyar ƙurar suka shiga, suka kwana da yaransu a can. Daga baya aka ji an ba sojojin Amurka bayanan kafin a ba 'yan ƙasa. Kwamitin da majalisar Japan ta kafa ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa ya ce a 2012 bala'in na hannun mutum ne. Ga kuma tushen abin: hukumar da ke sa ido kan tashoshin tana ƙarƙashin ma'aikatar da aka ɗora wa tallata nukiliya. An ba kura ajiyar nama. Sai bayan haɗarin aka raba su.

Injiniya: Duk gaskiya ne. Amma ku bar ni in faɗi ɓangaren da ba a so a ji. Tsunamin nan ya kashe mutum wajen 18,000, da matattu da waɗanda ba a gani ba. Tururin Fukushima kuwa bai kashe kowa nan take ba, sai a 2018 gwamnati ta amince da mutuwar ma'aikaci ɗaya da sankarar huhu. Amma sama da mutum 2,000 a lardin sun mutu saboda wahalar ƙaura, yawancinsu tsofaffi, har da marasa lafiya da aka ɗauke daga gadajen asibiti aka yi ta yawo da su a mota. Tsoro ma yana kisa. Kuma tashar Onagawa ta fi Fukushima kusa da cibiyar girgizar, amma da yake an gina ta a kan tudu, ta tsaya lafiya, har ɗaruruwan mutanen gari suka fake a cikinta. Ba wanda ke ba da wannan labarin.

Hajiya Malama: Injiniya, wannan tsoron da ka ce yana kisa, wa ya haife shi? Da tun farko mutane sun saba in hukuma ta ce lamba kaza to kaza ɗin ce, da za a iya ce wa tsoho "zauna a ɗaki ka rufe taga, ya fi maka alheri da hawa mota", ya kuma zauna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba za ka zarge shi da rashin sanin tsumma ba.

Gaskiya Ɗaya: Duk ɓata bakinku kuke yi. Miliyoyi ne suka mutu a Chernobyl aka rufe. IAEA ɗin ma nasu ne. Duk wanda ke kare nukiliya an biya shi.

Shugaban Zaure: Malam Gaskiya Ɗaya, a zauren nan ba a cewa an biya mutum sai da hujja. A kiyaye.

Alƙalami: Rabin maganarsa na da tushe, dokar da ta kafa IAEA a 1957 ta ɗora mata yaɗa amfani da makamashin nukiliya, ga kuma aikin sa ido, shi ya sa wasu ke ɗaga mata gira. Amma maganar miliyoyi ba ta da madafa. Waɗanda aka tabbatar, biyu a daren, 28 cikin 'yan watanni daga ma'aikata da 'yan kwana-kwana. Masu zuwa daga baya ta hanyar sankara kuwa hasashe ake yi, ana maganar dubbai, ana kuma jayayya a kai. Sai dai ku lura, inda hukuma ta bar rami, irin wannan zancen ne ke cike shi.

Ɗan Autan Zaure: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Ba dole a ɓoye wasu abubuwa ba? In aka baza komai, 'yan ta'adda ma za su karanta.

Injiniya: Dole ne, Auta. Yawan masu gadi, ranar da za a ɗauko makamashi, hanyar da motar za ta bi, waɗannan ba na kowa ba ne. Amma yawan tururin da ke bakin katanga, rahoton masu bincike, kuɗin kwangila, hanyar da za a kwashe mutane in ta ɓaci, ɓoye waɗannan ba tsaro ba ne. Harkar nan daga bam aka haife ta, ta taso da ɗabi'ar soja, sai kalmar "sirri" ta zama bargon da ake rufe kowane irin abin kunya. A Koriya ta Kudu wuta ta ɗauke wa tukunyar Kori ta 1 na minti 12 a Fabrairun 2012, aka rufe zancen wata guda. Wane ɗan ta'adda aka ɓoye wa? A Afirka ta Kudu ƙungiyoyin farar hula biyu suka kai gwamnati kotu kan yarjejeniyar da ta ƙulla da Rasha a 2014, kotu ta soke ta a Afrilun 2017 saboda ba a bi ta majalisa yadda ya kamata ba.

Ni kaina na taɓa ganin an cike littafin duba inji na mako guda a zama ɗaya, da biro ɗaya, saboda masu bincike za su zo washegari. A tashar gas ne, ba abin da ya faru. Amma tun ranar na daina yarda da takardar da mai ita kaɗai ke gani.

Baban Khalifa: To akwai inda aka yi abin mutane suka yarda da bakinsu? Ko dai duk tilas ne?

Hajiya Malama: Akwai Finlan. Sharar nukiliya ce fa, abin da kowa ke gudu. Sun haƙa rami cikin dutse sama da mita 400 a Olkiluoto, ana ce masa Onkalo. Dokarsu ta ba ƙaramar hukumar da za a yi abin a cikinta ikon cewa a'a, kuma a'a ɗin ta zauna. Aka yi shekaru ana zama da mutane. A 2000 majalisar garin Eurajoki ta kaɗa ƙuri'a, 20 suka yarda, 7 suka ƙi. Amurka kuwa majalisar tarayya ce ta nuna Dutsen Yucca da yatsa a 1987, jihar Nevada ta ce ba ta san zance ba. An kashe biliyoyin daloli, har yau ba a ajiye komai a ciki ba.

Alƙalami: A ƙara da cewa mutanen Eurajoki sun daɗe da tasha a garinsu, suna cin harajinta, 'ya'yansu na aiki a ciki. Ba tsabar yarda kaɗai ba ce.

Hajiya Malama: Na yarda. Amma mutanen gefen Fukushima ma suna cin harajin.

Dattijo: Ni dai abin da na lura, Injiniya ya shigo yana kare nukiliya, ga shi ya fi kowa kawo laifin masu ita.

Injiniya: Baba har yanzu ina kan bakana, in aka ba ni zaɓi tsakanin zama kusa da tashar kwal da ta nukiliya, ta nukiliya zan ɗauka. Sharaɗina dai, na'urar awon da ke bakin katanga kowa ya iya ganin lambarta a wayarsa, kuma wanda ke duba tashar kar ya zama albashinsa na hannun mai tashar.

Baban Khalifa: Ni kuma sai na ga na'urar tukuna.

Maman Hanifa: Kun sa na yi shawara. Ranar Litinin zan koma in nemi sakamakon bajina na shekara shidan nan.

Injiniya: Ki nema a rubuce, ki sa kwanan wata, ki riƙe kwafi. In sun ba ki, turo lambobin nan mu duba tare.